Ƙotar Tsintsiyata

A hawa na uku nake, shi yana na huɗu,
a tsohon benen ma'aikatan tasha a Barreiro,
inda in maƙwabci ya yi tari, kai za ka nemi magani.
Anselmo, ɗan Filomena mai ɗinki.
Na san shi tun yana famfara.

A sanyin shekarar da kamfanin kifin gwangwani ya sallame shi
ya jawo tsohuwar kwamfuta daga wajen 'yan gwanjo,
ya manna kwalayen ƙwai a bango,
ya toshe taga da bargon uwarsa,
ya ce ɗakin kiɗa ke nan.
To.

Daga sha ɗayan dare sai dim, dim, dim,
kamar ana daka a tsakar kaina.
Fitila tana lilo, kofuna suna gulma a kabad,
hoton marigayi mijina ya karkace, ya bar kallona.
Ni kuwa da asuba nake kama jirgin fito
in ƙetare Tejo in goge ofisoshin mutanen Lisbon.

Ran nan na ɗauki tsintsiya, na taka kujera,
na doki silin da ƙota:
uku a jere, na huta, biyu.
Tsit.
Na sauko ina cewa yaro ya ji magana.
Ashe makirufo ya kwantar a ƙasa, yana jira in ƙara.

Bayan wata bakwai, ina layin biya a kanti,
kabeji a hannu, sabulu a hammata,
sai lasifika ta buga:
uku a jere, ta huta, biyu.
Yarinyar da ke karɓar kuɗi tana ta gyaɗa kai.
Na ce, 'yar nan, da fushina fa kike rawa.
Ta ce, Dona Graciete, da kati ko da tsaba?

An ce kiɗan ya kai Berlin,
an ce har tsibiran da masu hali ke shan iska,
samari dubu suna ɗaga hannu sama
daidai inda kafaɗata ta ƙage.
Tallan takalmi ya ara, tallan lemo ya karɓa.
Kiɗa goma sha ɗaya ne a faifan,
duniya ta tsinci ɗaya ta watsar da goma,
kamar yaron da ya lashe zuma ya yar da burodin.

Da kansa ya sauko mini da faifan,
da gwangwanin biskit, da sabuwar tsintsiya ɗaure da jan zare.
A bayan kwalin, da ƙananan baƙaƙe:
makaɗiya, Graciete Lampreia, hawa na uku.
Na ce, ladan makaɗiya fa?
Ya biya mini hayar wata biyu. Ban yi fulako ba.

Ba mai tambayar na tara.
Shi ne marar hayaniya.
Keken ɗinkin Filomena ne ke tafiya a ciki,
da yayyafi a kan kwanon baranda,
can dab da ƙarshe ƙofa ta yi ƙara,
sai muryarta: Selmo, miya za ta huce.
Bai goge ba. Ya ce mantuwa ce.
Bazara biyu bayan nan muka raka ta makwanci.

Faifai na biyu bai taɓa fitowa ba.
Yanzu shi ke duba tikiti a jirgin fiton,
furfura ta leƙo ta gefen kunne.
In wani fasinja ya gane shi ya ƙwanƙwasa benci,
uku, biyu,
sai ya murmusa ya ce, a matsa ciki, akwai wuri.

Sama ta yi shiru yanzu. Shirun ma ya yi yawa.
Wani daren, in barci ya ƙi mu duka,
nakan ji ya kunna na tara, ƙasa-ƙasa,
keken yana ɗinki ta cikin silin.
Tsintsiya tana jingine a bayan ƙofa.
Nakan dube ta, in gyara filo,
in jira Filomena ta kira shi cin abinci.